Daga gora zuwa jirgi mai inji: kalmomin su a Hausar Gidan Rumji da matsalar fassara kamun kifin teku

0. Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ƙasida wani aikin fassara ne da muka ba ɗalibanmu a darasin ƙirƙiro kalmomi. Nassin na Faransanci ne, yana bayanin yadda mutum ɗaya ke kamun kifi a bakin teku cikin ƙaramin jirgi mai inji. Da muka karɓi takardu, sai muka tarar da abubuwa biyu suna maimaituwa. Wasu ɗalibai sun bar kalmomin Faransanci yadda suke, sun sa musu haruffan Hausa kawai. Wasu kuma sun ƙirƙiro dogayen jimloli, kamar "farautar kifi da zare" ko "babbar raga mai zagaye da ake jefawa", alhali Hausa tana da fatsa, tana da birgi. Da yawa daga cikinsu ƴan jahar Maraɗi ne, wasu ma a bakin gulbi aka haife su.

Wannan matsala ta wuce ɗakin karatu. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake buƙatar littattafan labarin ƙasa da na kimiyya cikin wannan harshe. A shekarar 2025 kuma dokar tsarin ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Duk kalmar da mai fassara ya sa a littafin makaranta, yara dubbai za su haddace ta. Idan ya ari abin da harshe ke da shi, ya taimaka wajen binne kalmar gado. Idan kuma ya ɗora tsohuwar kalma a kan abin da bai dace da ita ba, ya koyar da kuskure.

Manufarmu a nan ita ce mu nuna inda Hausar masu su ta wadatar da mai fassara, da inda take buƙatar aro, da inda ainihin giɓin yake. Misalanmu daga Hausar kwarin gulbin Maraɗi muka ɗauko su, musamman tsakanin Tsibiri da Gidan Rumji. Mun rubuta su da daidaitacciyar Hausa. Mai karatu ya tuna cewa a Gobirci ana cewa kihi da hwatsa inda muka rubuta kifi da fatsa.

1. Ruwan da harshen ya girma a kansa

Gidan Rumji yana nesa da teku da fiye da kilomita 800 a miƙe. Ruwan da mutanen wurin suka sani shi ne gulbin Maraɗi. Wannan gulbi yana tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, inda ake kiransa Gada, ya shigo Nijar ta gundumar Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Idan ruwa ya janye, sai ya bar gurabe da tabkuna cikin fadama, kuma a cikinsu ne ake yin mafi yawan su. Babban ruwan da ya fi daɗewa a jahar shi ne tabkin Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan Gada a ƙarshen shekarun 1980, wadda ke iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142, zuwan ruwa cikin kwarin ya dogara har da abin da aka saki daga can. Yarjejeniyar da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suke tarayya a kai ta haɗa da wannan gulbi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne harshe: inda tabki ya daina kwana, su yana raguwa, kuma kalmomin da ba a aiki da su ba sa daɗewa a bakin yara.

Irin wannan ruwa ya bar alamarsa a kan kalmomi ta hanya uku. Na ɗaya, ruwan daɗi ne. Na biyu, motsinsa na shekara ne: ya ciko da damina, ya ja da kaka, ya ƙafe da bazara. Na uku, yana da mai shi. A al'adance su gado ne, kamar ƙira da farauta, kuma Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya bayyana muhimmancin wannan gado a tsarin zaman jama'ar wurin. Sarkin ruwa ne ke da ikon hana shiga tabki da buɗe shi, kuma ranar da aka buɗe, gari ne ke shiga gaba ɗaya.

2. Yadda aikin yake a bakin teku

Kafin mu duba kalmomi, ya kamata mu san abin da za a fassara. Su na bakin teku ana yin sa ne a ruwa marar zurfi ƙwarai: kusa da gaɓa, a bakin koguna inda suke shiga teku, da cikin manyan tabkunan da ke haɗe da teku ta ƴar mashiga, irin tabkin Nokuwe na Kwatanu, da na Eburiye a Abijan, da na Legas. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A cikin waɗannan tabkuna kuwa yana gauraya da na koguna, gishirin ya ragu da damina, ya ƙaru da rani.

Injin da ake maƙala wa jirgi daga waje ya fara yaɗuwa a Amurka bayan 1909, lokacin da Ole Evinrude ya fito da nasa. Ya shiga jiragen masu su na Gana a ƙarshen shekarun 1950, ya game na Senegal cikin shekarun 1970. Sai dai manyan jiragen waɗannan ƙasashe na mutane da yawa ne, goma ko fiye. Jirgin mutum ɗaya a Afirka ta Yamma, kamar na Kuru a Laberiya ko na masu jefa birgi cikin tabkuna, galibi da hannu ake tuƙa shi. Mutum ɗaya da inji an fi samun sa a Turai da Amurka, inda da yawa don nishaɗi suke yi.

Aikin kansa ga yadda yake tafiya. Mai su yana duba lokacin da ruwa zai ciko ko zai janye, domin kifi ya fi cin koto sa'ad da ruwa ke motsi. Ya tayar da inji ya nufi wurin da ya sani, gindin duwatsu ko bakin mashiga. Kafin ya isa sai ya kashe inji ya ƙarasa da filafili, saboda ƙara tana korar kifi a ruwa marar zurfi. Daga nan ko ya saki wani abu mai nauyi ya tsayar da jirgi ya jefa fatsa, ko ya bar ruwa ya tafi da shi a hankali, ko ya kunna inji kaɗan ya riƙa jan fatsa a bayansa. Injin da ruwan da yake ciki yake sanyaya kansa, don haka bayan an dawo akan wanke cikinsa da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya cinye shi. Haɗarin mutum ɗaya a bayyane yake: idan ya faɗa ruwa inji na tafiya, jirgi zai bar shi. Saboda haka ake ɗaura wata ƴar igiya daga inji zuwa hannunsa, wadda ke kashe injin da zarar ta fizge.

3. Abin da harshe yake da shi

3.1. Mai aikin da abin hawansa

Sunan aikin shi ne su, mai dogon wasali da faɗaɗɗen karin sauti (sûu), wanda ya bambanta shi da wakilin suna su. Daga gare shi ake samun:

(1) mai su, jam'i masu su
(2) masunci, jam'i masunta

A misali na (2) an bi ƙa'idar da aka sani: ɗafa-goshin ma- a kan saiwar sunt-, kuma t ta koma c a gaban i, kamar a marubuci da marubuta. Akwai kuma Basarke, jam'i Sarkawa, wanda ke nuna asali da gado. Jean Rouch ya yi rubutu a 1950 kan Sarkawan da ke bin kogin Isa. Mai fassara ya kiyaye: mutumin Kwatanu da ke cikin jirginsa masunci ne, amma ba a ce masa Basarke.

Kalmar jirgi misali ce ta faɗaɗa ma'ana da ake yawan bayarwa. Asalinta abin shiga ruwa ne. Da zuwan Turawa aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama, har aka tilasta wa na asalin ya nemi abin bambancewa, ya zama jirgin ruwa. A Maraɗi a yau, in mutum ya ce "jirgi ya sauka", ba wanda zai duba gulbi. Haka ma tuƙi, wanda ya tashi daga ruwa ya hau mota. A nan rubutun yau da kullum yana ɓoye wani bambanci:

(3) matùuƙii "mutumin da ke tuƙi"
(4) matuuƙii "abin da ake tuƙi da shi"

Tun da ba a rubuta karin sauti a littafin makaranta, ya fi kyau a bar matuƙi ga mutum, a yi amfani da filafili ga kayan aiki. Ga ƙaramin jirgi kuwa akwai kwalekwale, kuma ya isa.

Sai dai abin hawan mutum ɗaya na asali a ƙasar Hausa shi ne gora. Babban gora ne mai baki a sama. Masunci yana kwantawa a kansa da ciki, ya tuƙa da hannuwa da ƙafafu, ya riƙa jefa kifin da ya kama a ciki. Shi ne jirginsa, shi ne ma'ajinsa. Wanda ya taɓa ganin bikin su na Argungu, da ake yi tun 1934, ya ga dubban irinsa. Malamin da zai bayyana wa yaron Gidan Rumji abin da ake nufi da jirgin mutum ɗaya, daga gora ya kamata ya fara: mutum guda, da ruwa, da abin da ya kama, ba mai miƙa masa hannu.

3.2. Inji

A nan aro ba makawa, amma an riga an yi shi. Kwarin Maraɗi cike yake da injinan ban ruwa da baburan kabu-kabu, kuma makanikai suna da kalmominsu. Abin lura shi ne cewa kalmomin suna zuwa bibbiyu, ɗaya daga Faransanci, ɗaya daga Ingilishi ta hanyar kasuwancin Katsina da Kano:

(5) moter / inji
(6) esansi / fetur
(7) buji / fulogi

Ɗalibanmu da suka rubuta "jirgi mai moto" sun faɗa wani tarko, domin moto a Hausar Nijar babur ne. Inji kuwa ana fahimtarsa a ɓangarori biyu na iyaka, don haka shi muke zaɓa: kwalekwale mai inji. Ƙarfin inji da doki ake auna shi, kuma harshe ya riga ya karɓi wannan: inji mai doki 8, mai doki 15, mai doki 40. Ga igiyar da muka ambata a sama muna ba da shawarar igiyar kashe inji, wadda kowa zai gane ba tare da bayani ba.

3.3. Kayan su

Wannan shi ne fannin da Hausa ta fi wadata, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi jahilta.

(8) fatsa: zare da ƙugiya, a sa mata koto
(9) mamari: doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, a shimfiɗa ta cikin ruwa
(10) birgi: raga mai zagaye da darma a bakinta, a jefa ta ta buɗe ta rufe kifi
(11) taru: babbar raga da mutane da yawa ke ja zuwa gaɓa
(12) koma da homa: ragar hannu, irin ta mai gora
(13) undurutu: tarkon da kifi ke shiga ya kasa fita
(14) zago: mashin ruwa

Birgin da ake jefawa a tabkin Madarunfa da wanda ake jefawa a Nokuwe abu ɗaya ne. Ragar da masu su na Lome ke ja da igiya daga bakin teku taru ce. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomin su da dama, kuma ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijinguini, na 1987, yana hannun kowane ɗalibi. Har karin magana ya riƙe wasu: duk wanda ya ce "kifi na ganinka, mai jar koma" ya ambaci kayan aikin da wataƙila bai taɓa riƙewa ba. Sabuwar dabara guda ɗaya ce a cikin nassinmu, ta jan ƙugiya a bayan jirgi mai tafiya, kuma jan fatsa ya ɗauke ta.

3.4. Sunayen kifi

A nan ne haɗarin kuskure ya fi yawa, kuma ta hanyar Faransanci yake shigowa. Hausa tana da tarwaɗa, da gaiwa wadda ke kwana cikin laka da rani, da karfasa, da kurungu, da ragon ruwa, da giwar ruwa, da sauransu. Dukansu na ruwan daɗi ne. A Faransancin Nijar, capitaine shi ne giwar ruwa (Lates niloticus), carpe kuma karfasa. Amma a Faransancin bakin teku capitaine yana nufin wani kifi dabam, kamar Polydactylus quadrifilis, kuma carpe rouge kifi ne na dangin Lutjanus, wanda ba ɗan'uwan karfasa ba ne. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya ga capitaine ya rubuta giwar ruwa, ya sa kifin kogi a cikin teku.

Ƙa'idar da muke bi ita ce a duba sunan kimiyya tukuna. Idan dangin ɗaya ne, a faɗaɗa sunan Hausa da ƙari: kifin da ya fi yawa a tabkunan bakin teku, Sarotherodon melanotheron, ɗan'uwan karfasa ne na gaskiya, ana iya ce masa karfasar bakin teku. Idan ba dangi, a ari sunan da Hausawan Kwatanu ko Abijan ko Legas ke kiransa da shi a kasuwa. Kasuwar Maraɗi kanta ta daɗe da sanin kifin teku, amma a matsayin haja: kifin ƙanƙara, kifin gwangwani, banda. Waɗannan sunaye yadda aka adana kifin suke nunawa, ba su faɗin irinsa.

4. Inda giɓin yake

4.1. Ɗanɗanon ruwa

Ga teku Hausa tana da kalmomi biyu, teku da bahar. Ta biyun daga Larabci take, kuma a cikin Bahar Maliya ma'anar gishiri tana nan a ɓoye, tun da asalin sunan "teku mai gishiri" yake nufi. Ruwan gishiri da ruwan daɗi ba su da wuyar fassara. Ga ruwan da ke tsakani, na tabkunan da muka ambata, ɗalibai duk sun tsaya. Amsar tana bakin masu haƙa rijiya: ruwan zartsi, wanda ba a iya sha da daɗi amma bai kai gishiri ba. Kalmar ta fito daga rijiya, amma ɗanɗanon da take nufi shi ne dai wannan.

4.2. Motsin ruwa

Ainihin abin da Hausar gulbi ba ta tanada ba shi ne hawa da saukar teku na kullum. Jan da wata da rana ke yi wa ruwa yana sa teku ta ciko ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14, ta fi rauni a tsakaninsu. A gaɓar Kwatanu da Lome bambancin bai kai mita 2 ba, amma ya isa ya juya gudun ruwa a bakin mashiga, ya shigo da kifi ko ya fitar da shi.

Aikatau ɗin da ake buƙata suna nan: ruwa ya ciko, ruwa ya janye. Muna ba da shawarar cikowar teku da janyewar teku. Amma mai sauraro ɗan Gidan Rumji, da ya ji cikowa, damina zai tuna, abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara. Dole littafi ya ƙara da cewa wannan ta kullum ce, sau biyu, kuma tana bin wata. A nan lissafin watan sama, wanda kowane yaro ya sani saboda azumi da salla, ya fi kowace sabuwar kalma amfani. Ya kamata kuma a raba ta da igiyar ruwa ko raƙuman ruwa, waɗanda iska ke tayarwa, su ne kuma ke karyewa a gaɓa su kifar da ƙaramin jirgi lokacin fita ko dawowa. Ɗalibai da yawa sun haɗa abubuwan biyu a kalma ɗaya.

4.3. Mutum ɗaya

Giɓi na ƙarshe na ma'ana ne. A kwarin gulbi kalmar su tana ɗauke da gado, da izinin sarkin ruwa, da taron gari. Nassin da muka fassara yana maganar mutumin da ya sayi jirgi da inji ya fita shi kaɗai ranar hutu, wani lokaci ma ya mayar da kifin cikin ruwa bayan ya kama. Idan aka ce masa masunci, Bahaushe zai ɗauka sana'arsa ke nan. A irin wannan wuri kamun kifi, wanda bai ɗauke da nauyin gado ba, ya fi dacewa: mai kamun kifi don nishaɗi. Ke nan su da kamun kifi ba sa maye gurbin juna a ko'ina, kuma amfanin mai fassara ne ya riƙe su biyun.

5. Kammalawa

Abin da muka gani ya kasu uku. Kayan su da abin hawa, harshe yana da su, a nemo su wurin masu su. Kalmomin inji an riga an are su, a zaɓi wanda ake ji a Maraɗi da Katsina gaba ɗaya. Motsin teku da sunayen kifinta kaɗai ke buƙatar sabon aiki, kuma shi ma faɗaɗa ma'ana da bayani ya fi yawa a cikinsa.

Aikin da ya rage na tattarawa ne, ta fuska biyu. Ta farko a gida: a bi tabkunan Tsibiri, da Gidan Rumji, da Madarunfa da bazara, lokacin da ake buɗe su, a ɗauki kalmomi tare da karin sautinsu da hoton kowane kayan aiki, tun dattawan da suka san su suna da rai. Ta biyu a zangunan Hausawa na Kwatanu, da Lome, da Abijan, inda ƴan ci-rani daga wannan yanki suke saye da sayar da kifin teku, kuma dole suna kiransa da wani suna. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri na biyu za su iya raba waɗannan wurare tsakaninsu, su yi amfani da jerin tambayoyi ɗaya domin a iya kwatanta sakamakon. Muna maraba da gyara da ƙari daga abokan aiki, musamman kan misalai (8) zuwa (14), waɗanda sunayensu ke sauyawa daga gari zuwa gari.